Abin da ke riƙe da rufin soro

Duk wanda ya shiga tsohon zaure a birnin Zariya, ko Kano, ko Damagaram, in ya ɗaga kai zai ga abin da ya isa a tsaya a duba. Ƙasa ce a sama, ƙasa mai nauyi, irin wadda jaki ke nishi in an ɗora masa mangala guda. Ga ta nan shimfiɗe bisa kawunan mutane, ba ginshiƙi a tsakiyar ɗakin, ba ƙarfe, ba siminti, kuma wani rufin ya haura shekara ɗari a haka. A ƙarƙashinta ake hira, ake ɗaurin aure, ake rabon gado, yara na karatun allo, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Halin ƙasa kuwa sananne ne, duk inda aka sake ta faɗowa take yi. To, me ya riƙe wannan?

Ido ba ya ganin amsar, domin tana cikin yaɓe. Azara ce, ita kuwa azara daga giginya take fitowa. Giginya tana miƙewa samɓal ba reshe, ta yi ɗan kumburi wajen sama, sannan ganye a ƙololuwa. Akwai namiji akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya, daga ƙwallonta ake samun muruci, magina kuwa sun fi son namijin domin itacensa ya fi tauri. Tana daɗewa ƙwarai kafin ta isa sara, har wanda ya ga tsirowarta ba lalle ne ya ga azararta ba. Cikinta laushi gare shi, ƙarfin yana baya-baya wajen ɓawo, inda baƙaƙen zaruruwa suka cushe. Shi ya sa ba a ɗora gungumen yadda yake. Tsaga shi ake yi a tsaye, a fitar da dogayen sanduna, a yar da laushin. Gara, wadda ba ta barin ƙyaure ba ta barin littafi, in ta iso kan azara sai ta haƙura. Har yau dazukan giginya na wajen Gaya, a kudancin Nijar, sun shahara da ita.

Amma da duk ƙarfinta azara tana da iyaka, iyakar kuma ba ta da nisa. In aka gitta ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata ƙasar rufi, tazarar da za ta ɗauka lafiya ba ta cika kai mita biyu ba. In an matsa mata fiye da haka, ba ran nan za ta karye ba. Shiru za ta yi ta ɗauka. Sai a hankali tsakiyarta ta fara lotsawa, rufin ya yi kwari, ruwan damina ya sami wurin kwana, daga nan kuma kwanan ɗakin ƙirgagge ne. Mai son ɗan ƙaramin ɗaki ba shi da damuwa. Mai son zauren da zai ɗauki jama'a, ko masallacin da sahu zai miƙe a ciki, shi ke da tambaya: yaya za a rufe mita shida ko bakwai da itacen da ƙarfinsa bai kai biyu ba?

Maginan ƙasar Hausa ba su tafi neman itaciyar da ta fi giginya ba. Sun karɓi azara yadda Allah ya halicce ta, da ƙarfinta da iyakarta, suka nemi dabarar da gajeru za su yi aikin dogo. Tun bango bai kai ƙarshe ba magini ke kafa azara a cikinsa, gindinta a binne, kanta ya ɗan karkato cikin ɗaki. Ba guda ɗaya ake kafawa ba, dami ne, an jera an ɗaure tamau da igiya. Sai a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bar shi ya bushe. In ya bushe a kawo wani damin ya hau kan na farko, a ɗaure su tare, shi kuma ya ƙara karkata, ya ƙara leƙawa gaba. A ɗaya bangon ma haka ake yi. Hawa-hawa ƙafafun biyu ke tasowa suna sunkuyo wa juna, har ranar da abin da ya rage tsakaninsu ya zama wanda azara ɗaya za ta iya ƙetarewa. A gitta, a ɗaure, a yaɓe, bakan gizo ya haɗu ke nan. In ɗakin babba ne, sai a tayar da wani bakan daga sauran bangaye biyu ya gitta na farko a tsakiya, irin ɗaurin da magina ke kira ɗaurin guga. Yanzu babban sarari ya rabu gida huɗu, kowane gida an rage shi zuwa abin da azara za ta iya. Sai a jera azara a kai, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa.

Abin lura shi ne, a duk rufin nan babu azarar da ta taɓa bango biyu. Wadda ke gindi ba ta san tsakiyar ɗaki ba, wadda ke tsakiya ba ta ga bango ba. Amma nauyin da ya sauka a tsakiya yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan ta miƙa wa waccan, har ya isa bango, bango ya miƙa wa harsashi, harsashi ya mayar wa ƙasa kayanta.

Duk wurin da ya tara mutane kan aiki ɗaya haka yake, makaranta ce, ko asibiti, ko ƙungiyar manoma, ko kamfani, ko kwamitin masallacin unguwa. An kafa su ne domin akwai ɗakin da ya fi ƙarfin mutum guda. Sai dai sau da yawa shugaba kan manta da dalilin, ya shiga neman doguwar azara. In ya ga ma'aikaci ɗaya mai himma, mai zuwa da wuri, wanda ba ya iya cewa a'a, sai ya gitta shi daga bango zuwa bango. Shi zai rubuta takarda, shi zai riƙe makulli, shi zai tari baƙi, shi ya san inda kowane fayil yake, in inji ya tsaya shi za a kira ko da yana hutu. "Ai wane yana nan," ita ce maganar da ake yi. "A ba shi, zai iya." Kuma zai iya ɗin, na wani lokaci. Irin wannan mutum ba ya karyewa ran da aka ɗora masa, lotsawa yake yi. Fara'arsa ce ke fara tafiya, sai mantuwa ta shigo, sai ciwon da ba a gane kansa ba, sai wata safiya a ga takardar ajiye aiki a kan tebur. Ranar ce ake gane cewa shekara da shekaru rufin ma'aikatar duka a kan mutum ɗaya yake, sauran kuwa an jingine su ne a kusurwa ba a taɓa ɗaura su da komai ba. An cuci wanda aka danne, an kuma cuci waɗanda aka bari, domin su ma giginya ce ta haife su, ba a dai gwada su ba.

Wurin da ya fi cancantar a zuba wa ido a jikin bakan shi ne mahaɗa. Ba baki da baki ake haɗa azara ba. Sai ta hau kan 'yar'uwarta da tsawo mai yawa, su kwanta tare, sannan a naɗe su. Mai ƙididdigar kuɗi zai iya cewa asara ce, itace biyu a wurin da ɗaya zai cike. Alhali ƙarfin bakan duka a wannan asarar yake. Malamar jinya da ke sauka daga aikin dare, in ta tsaya da mai karɓarta da safe suka zaga gadaje tare, tana gaya mata wanda ya ƙi cin abinci, da wanda zazzaɓinsa ya hau da asuba, da wanda 'yan'uwansa ba su kawo magani ba, waɗannan mintuna su ne hawan azara kan azara. Haka ma'ajin da ya zaunar da mataimakinsa ya nuna masa littafin kuɗi shafi-shafi, ko malamin aji uku da ya gaya wa na aji huɗu yaron da ba ya ji da kunne ɗaya. Shugaban da ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya ce kowa ya tsaya iyakar teburinsa, yana jera azara baki da baki ne. A duba yawancin ɓarnar da ke faruwa a ma'aikatu, da wuya a same ta a tsakiyar aikin mutum ɗaya. A tsakani take faɗowa, kuma kalmominta sanannu ne: "Ai na ɗauka ya gaya maka." "Ni ba a sanar da ni ba." "Wannan ba ɓangarena ba ne."

Ita kuwa igiyar da ke ɗaure su ba ta da wata daraja a kasuwa. Kaba ce ko rama, yaro ma na iya tufka ta, kuma in an yaɓe ba mai sake ganinta har ginin ya tsufa. Duk da haka magini na gari yakan ja ɗaurin da hannunsa ya gwada kafin ya rufe. Abubuwan da ke ɗaure mutane a wurin aiki su ma masu araha ne har a kan raina su. Alkawarin da aka cika ranar da aka ce, albashin da bai wuce lokacinsa ba, zuwa ta'aziyya gidan masinja, faɗin "wance ce ta yi wannan aiki" a gaban manya maimakon karɓe yabon. Ba a rubuta su a kasafin kuɗi. Ana gane babu su ne ranar da nauyi ya sauko, kowa ya zame ta gefensa.

Akwai kuma jira, wanda shi ne mafi wuyar koyo. Tun daga kwaɓi jiran ke farawa. Ƙasar da aka haƙo daga kududdufi sai an jiƙa ta, a tattaka da ƙafa, a zuba mata ramno, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa. Tubali da hannu ake cura shi, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya a rana har ya yi ƙarfi. Shi ya sa gini aikin rani ne. A jikin baka kuwa doka ce, ba a ɗora hawa na biyu sai na farko ya bushe, ko da mai gida na tsaye yana ƙirga kwanakin biki. Sabon shugaba kan zo da zafinsa, yana son a ga hannunsa kafin kwana ɗari su cika. Ya canja tsarin aiki a makon farko, kafin mutane su gane shi ya kawo na biyu ya ɗora a kai, ya haɗa wasu sassa, ya raba wasu, ya sauya wa mutane kujeru. Kowane canji shi kaɗai mai yiwuwa daidai ne. Matsalar ita ce ɗanye aka ɗora kan ɗanye. Mutanen da aka haɗa jiya ba su san halin juna ba tukuna, ba su yi saɓani sun shirya ba, ba su ga juna a ranar wahala ba, kuma wannan sanin ba ya zuwa da takardar umarni. Jiran ba zaman banza ba ne. Ran da magini ya bar hawa ya bushe, yana can yana gyaran azarar gobe, yana duban inda ƙasa ta tsage ya cike.

A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar an ga irin wannan haƙuri a aikace. A 1962 dattawan gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini. Kowa ya kawo abin da yake iyawa. Wasu suka yi tubali, wasu suka jido shi zuwa wurin gini, mata suka ɗebo ruwa, wasu suka shiga daji suka saro itace. Ginin farko mai sauƙi ne ƙwarai. Sai a 1975 Falke ya sake rufin da bakuna ya ɗora tulluwa a tsakiya, sannan tsakanin 1978 da 1982 aka tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Shekara ashirin ke nan ana ƙari kan ƙari. Ba da hasumiya aka fara ba, da ɗakin da za a yi salla a ciki aka fara, kuma hannun da ya ɗebo ruwa yana da rabo a kyautar kamar hannun da ya ɗaure baka.

Wata tambayar ta rage a jikin ginin. Kafin ƙafafun bakan su haɗu, lokacin da kowace ke rataye ita kaɗai tana leƙen tsakiyar ɗaki, me ya hana ta kifawa? Nauyin bangon da ke danne gindinta. Shi ya sa bangon soro ke da kauri a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Gwargwadon nisan da azara za ta leƙa, gwargwadon nauyin da take bukata a bayanta. A kowace ƙungiya akwai masu leƙawa gaba, masu sabon tunani, waɗanda kullum ke da shirin da za a fara gobe. Akwai kuma masu danne gindi: ma'ajin da ke cewa "ina rasit?", sakataren da ke cewa "ba haka muka rubuta a taron da ya wuce ba", dattijon da ke cewa "yaro, an taɓa gwada wannan." Da wuya su so juna. Na farko na ganin na biyu birki ne, na biyu na ganin na farko zai jefa kowa a rami. Amma bango huɗu da ba abin da ya leƙo daga cikinsu kango ne, rana da ruwa duk a kai. Azarar da ta leƙo ba nauyi a bayanta kuwa, kan mutane take faɗowa. Shugaba mai hankali ba ya zaɓen ɓangare a wannan rigima. Aikinsa ya auna, ya ga ko nisan da ake son kaiwa bana ya yi daidai da kaurin da ke baya, in bai yi ba a ƙara bango kafin a ƙara leƙe.

To, a cikin wannan gini ina shugaban yake? Mai wucewa a titi zai nuna zanko. Shi ne a ƙololuwa, shi ake hangowa daga nesa, har ya zama ado a jikin gidajen siminti da ba su san azara ba. Zanko ba banza ba ne. Yana ƙara jiki a kusurwa inda ruwa ya fi cin gini, magina na maƙala igiya a jikinsa in za su hau gyara, kuma yana ba gida kwarjini. Muƙami ma yana da ranarsa, da kujerar da hular, domin jama'a na bukatar su san ƙofar da za su buga. Sai dai ko an sauke zankwayen gida duka, rufi ba zai motsa ba.

Wanda ya kamata a duba shi ne maginin, musamman yadda yake zama. Ginin tubali ba a cika kafa masa katakon tsayawa ba. Magini hawa bangon yake yi ya zauna a kansa, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, yana gini yana ja da baya. Daga ƙasa yaro na wurgo masa tubali, ya cafe, ya dasa shi tsininsa sama. A wurgo curin ƙasa, ya cafe, ya cike tsakani. Bayan mai wurgowa akwai mai kawowa, bayansa akwai mai kwaɓi, da mai ɗebo ruwa, da mai jakin da ya kawo ƙasar tun da sassafe. In ɗayansu ya tsaya, hannun gwani sai ya tsaya a sama ba abin cafewa. Wurgin kansa sai da sabo. Yaron ya san iyakar miƙar hannun maigidansa, maigidan ya san ƙarfin damtsen yaronsa, har su kai inda ba sa bukatar duban juna. Kuma wanda ke sama ya san nauyin curi, domin shi ma daga ɗebo ruwa ya fara, ya yi kwaɓi, ya yi wurgi, kafin a bar shi ya hau. In ya ce "ƙara ruwa," ya san abin da ya ɗora wa mai tulu.

Babban abin shi ne, bangon da yake ginawa a kansa yake zaune. In ya ha'inci aikin jiya, shi zai fara faɗowa yau. Shugaban asibitin da ke kwantar da iyalinsa a asibitin da yake riƙe da shi, shugaban makarantar da 'ya'yansa ke zaune a ajin da ya tsara, manajan da albashinsa ke fita ranar da na mai gadi ke fita, irin wannan zama suka yi. Ba sai an tunatar da su ingancin aiki ba, jikinsu ne ke gaya musu. Wanda kuwa ke gini daga inuwa, yana nuni da sanda, ya riga ya tanadi wani wurin kwana, mutanensa sun san haka ko ba su faɗa ba, kuma yadda suke cura masa tubali zai nuna.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, nan ne wannan fasaha ta kai maƙura. Magininsa Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya ɗaure bakuna kan bakuna har masana gine-gine daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna aunawa suna zanawa. A shekarun 1970 an yi sabon gini na zamani ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon, an kuma gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Laƙabin maginin ya zama sunan unguwa a Zariya, kuma ya cancanta. Amma mai tsayawa ƙarƙashin bakunan nan ya kamata ya tuna da ɗimbin ƙafafun da suka tattaka ƙasar da kawunan da suka ɗauko ruwa, a zamanin da bayi ke cikin masu wannan wahala. Akwai kuma labarin da ake bayarwa a baka, cewa wani sarki da Babban Gwani ya yi wa gini daga baya ya sa an kashe shi, don kada ya yi wa wani wanda ya fi nasa. Labarin ya daɗe a bakin mutane domin sun san halin da yake nunawa, na shugaban da ke son aikin gwani amma yana tsoron gwanin. Yau ba a kisa. Canja wa mutum wurin aiki ake yi zuwa inda ba za a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ko a daina kiransa taro.

Abin da ke hana ruwa ratsa rufin kuwa bai fito daga sana'ar gini ba. Laso, wanda ake shafe saman soro da shi, haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini a ƙona shi a daka, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Makubar da ake yaɓe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take. Yawancinsu abubuwa ne da wata sana'a ta gama da su ta ture gefe. Marini a karofi ba lalle ya san rufin wani ya dogara da shi ba, amma ranar da karofin gari ya mutu, magini na cikin waɗanda ke fara jin rashin. Abin da mai gadi ya lura da shi a bakin ƙofa, da ƙorafin da mai karɓar kuɗi ke ji kullum har ya saba, da abin da direba ya gani a hanyar ƙauye, sau da yawa su ne ilimin da ofishin sama ke biyan kuɗi a nemo masa daga waje.

A nan dole a yarda cewa mutum ya wuce itace. Azara ba ta ƙara tsawo bayan an tsaga ta, mutum kuwa in an koya masa, abin da ya gagare shi bara zai ɗauka bana. Azara ba ta tambayar dalilin da aka sa waccan a tsakiya aka bar ta a gindi. Mutum yana tambaya, kuma yana da haƙƙin a ba shi amsa. Mafi girma, azara ba ta da baki. Magini sai ya karanci halinta da ido da hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga ya ji nauyi. Shugaban mutane an sauƙaƙa masa, domin waɗanda yake gini da su suna magana. Abin baƙin ciki shi ne yawan wuraren da aka mai da mutane azara da gangan, aka koya musu cewa wanda ya ce "Yallaɓai, aikin nan ya fi ƙarfina" rago ne, wanda ya ce "Ranka ya daɗe, wannan tsarin ba zai ɗore ba" ɗan adawa ne. Maganar da aka hana fita ba ta ɓacewa, taruwa take yi.

Magina sun san wannan game da ruwa. Ba a yi rufin soro don ya riƙe shi ba. An ɗan karkata shi ne ruwan ya gangara zuwa indararo, shi kuma ya tofar da shi can nesa da gindin bango. Ƙaramin abu ne indararo, ba mai yabon gida saboda shi. Ganye ya isa ya toshe shi, ko leda, ko sheƙar tsuntsu. In ya toshe ba abin da ake gani daga cikin ɗaki, sai ruwan Agusta ya sauka ya rasa mafita, ya kwana a sama, ya sami 'yar tsaga ya bi. Azarar da ta gagari gara, danshi na cin ta in ya daɗe a jikinta. Shi ya sa mai gida na ƙwarai ke hawa rufi kafin damina ta faɗi, ya share, ya cike tsaga, ya zuba ruwa ya ga inda ya nufa. Ba ya jiran yoyo ya kira shi. Shugaban da ke tashi daga kujerarsa ya je inda ake aikin, ya tambayi ƙaramin ma'aikaci abin da ke ba shi wahala, ya saurara har ƙarshe, sannan mutumin ya ga an gyara wani abu kuma ba a hukunta shi ba, hawan rufin nan yake yi.

Da siminti ya zo, mutane da yawa suka ga sun huta da yaɓen shekara-shekara. Suka shafe bangon ƙasa da shi, aka yi fenti, gida ya yi kyan gani. Amma siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ruwa ya shiga bayansa ta wata kafa ba ya samun hanyar fita, ƙasa na narkewa a ciki fuska na nan sumul, har ranar da ɓawon zai ɓamɓaro gaba ɗaya. Rahoton da ake gyarawa don ya faranta wa na sama rai, da taron da kowa ke cewa "lafiya lau" a cikinsa sannan a fita a yi ta magana a gindin bishiya, irin wannan shafe ne.

In azara ta ruɓe a cikin baka, ba a zare ta kawai a cusa wata. Sai an kwashe kayan ɗaki, mutanen gida su koma wani wuri, a tokare bakan daga ƙasa, a fasa yaɓe, a kwance igiya, kuma sau da yawa in an buɗe sai a tarar danshin ya taɓa na kusa da ita. Abin da hawa ɗaya da tsintsiya a ƙarshen bazara zai hana ya zama aikin makonni da kuɗi masu yawa, ga giginya ta yi ƙaranci a wurare da dama, ga maginan da suka iya ɗaurin guga sun ragu. Ma'aikatar da ta rasa mutumin kirki ta wannan hanya ita ma ba shi kaɗai take rasawa ba. Waɗanda aka ɗaure tare da shi sun ga yadda aka yi, kuma galibi kafin a gama neman madadinsa wani daga cikinsu ya fara tambayar inda ake ɗaukar ma'aikata.